Babban yatsan da na daina yi wa ƙunshi

Shekarun baya, ina jegon ɗana na biyu, na yi wani abu da har yau in na tuna sai in ji na ɗan ƙara tsawo. Wata 'yar'uwa ce ta tambaye ni jiya a ƙarƙashin hoton da na sa, wai me ya sa kullum ƙunshina yatsa tara ne, ko mai lallen ce ke yi mini ha'inci. To ga yadda aka yi. Ku yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na tsaya a firamare, sauran a waya na koya.

Ƙauyenmu yana bayan Gayam, daga ƙofar gidanmu ana hango bakin daji. Mun taɓa watsewa saboda 'yan bindiga, muka yi kusan shekara biyu a cikin garin Birnin Gwari muna raɓe a ɗakunan dangi. Da abin ya ɗan lafa muka tattaro muka dawo, don gonakinmu suna nan. Mutane sun dawo, awaki sun dawo, har mai shayi ya dawo ya kafa teburinsa. Wadda ba ta dawo ba ita ce ma'aikaciyar asibitinmu na sha-ka-tafi. Ƙofar na nan da kwaɗo, zanzaro ya yi gida a jikin taga.

Ni kuwa Allah ya yi ni da tsoro. In yaro ya yi tari sau biyu, na riga na gama kai shi asibiti a zuciyata. In babur ya wuce da gudu sai na leƙa ta katanga na ga ko waye. Ga ciki ya tsufa, ba wurin awo sai an hau babur an bi hanyar da ko maza sai sun yi addu'a kafin su shige ta. Kullum in na wuce asibitin nan sai na tsaya na kalli kwaɗon, kamar kallo zai buɗe shi.

Ina da makwabciya, Kirista ce daga kudancin Kaduna, ta kusa sa'ar mahaifiyata. Ta daɗe a garin tana noman masara da waken soya, Mama nake ce mata. Ita ce ta ce mini wata rana, "'Yata, kallon kwaɗo ya isa haka. Sa hijabinki mu je cikin gari mu tambaya."

Muka je wani ofishi, muka zauna a benci tun hantsi har kusan azahar. Mutumin da ya saurare mu ba mugu ba ne, har ruwa ya sa aka kawo mini da ya ga cikina. Amma da muka faɗi sunan ƙauyenmu sai ya ce, "Malama, ai wurin nan a wajenmu kufai ne."

Mama ta ce, "Kufai? To mu aljanu ne? Daga can muka taso da safen nan."

Ya yi 'yar dariya, ya jawo wata takarda. Ya ce shi da takarda yake aiki. Zaɓen da ya wuce, akwatinmu kusan wayam ya dawo, kuma manya in za su raba ma'aikata abin da suke dubawa ke nan. Ya ce ana ma maganar a haɗe akwatinmu da na wani gari, tunda ba kowa. "In aka ɗauke shi kuwa," in ji shi, "ni ba ni da abin da zan nuna in ce akwai mutane a can."

Abin da ya ƙona mini rai shi ne gaskiyarsa ce. Zaɓen da yake magana mun riga mun dawo aka yi shi. Ina tsakar gida ina surfe, ina jin muryoyin ma'aikatan a makarantar firamare, ko leƙawa ban yi ba. Katina na zaɓe yana cikin kwanon da nake ajiye allura da zare.

A lokacin duk garin bakinmu ɗaya. Maza in sun zauna wurin mai shayi suka ji a rediyo sojoji sun karɓe mulki a wata ƙasa, sai ka ga ana gyaɗa kai. Mijina yana gaba-gaba. Yakan ce, "A zo da mai bulala kawai. Mutum ɗaya, magana ɗaya, kowa ya shiga taitayinsa. Mu da muka kwana a jeji, wace ƙuri'a ce ta zo ta cece mu?" Shi ko katin bai je ya karɓa ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ni ma haka nake gani a da. Wanda ya taɓa gudu da goyo a baya da kwanon tuwo a hannu, in aka ce masa ga mai ƙarfi zai zo ya tsawata wa kowa, ba ya tsayawa dogon tunani.

Mahaifiyata, Inna, ta zo daga garinsu ana saura mako biyu in haihu, don ta zauna mini jego. Ita da mijina akwai kunyar surukai, ba sa magana ido da ido. In ya zo gaishe ta daga bakin ƙofa yake durƙusawa, in tana da magana da shi ni take faɗa wa, amma da ƙarfin da zai ji. Wata rana yana tsakar gida yana gyaran babur yana wannan zance na soja, sai ta ce mini, tana tsince wake ba ta ko ɗago kai ba, "Lokacin soja aka kwantar da mahaifinki a kasuwa aka zane shi, wai ya tsallake layi, alhali ba shi ba ne. Kwana uku a kife yake kwana. Muka rasa ƙofar da za mu je mu tsaya mu ce an cuce mu. Ke kin je ofis har an ba ki ruwa."

 Sai na ji ƙarar sifanar mijina ta tsaya na ɗan lokaci.

Na haihu a ɗakina, Inna da Mama suka karɓi haihuwar. Jini ya ɗan yi gardama kafin ya tsaya, kuma na ga yadda suka kalli juna su biyun. Ba su san na gani ba. A kan gadon nan na yi wa kaina alkawari ba za a ɗauke akwatin nan ina da rai ba.

Suna ya faɗo ranar Talata, zaɓe kuma Asabar mai bi masa. Sai na ga ai ga dama ta samu. Mai jego ba ta fita, amma duk matan gari za su shigo har gefen gadonta. Don in tabbatar kowa ta zo, na roƙi wata ƙanwar mijina da ta iya lalle ta zauna tun ranar Litinin ta yi wa duk macen da ta shigo ƙunshi. Irin na da muka yi, wanda ake cusa kan yatsu gaba ɗaya a ɗaure da leda, aka sa masa su lemo da sauran haɗi don ya kama sosai. Ya kuwa kama, har baƙi-baƙi ya yi. Mama da ta shekara ashirin a garin ba ta taɓa yarda an sa mata ba, ranar sai da na matsa mata ta miƙa hannu.

Duk wadda ta zo barka, ta ɗauki jariri ta yi addu'a, sai in ce, "Yaya, katinki na nan?" In ba ta labarin kufai. Wata ta ce, "Mu da kowa ya hau duk ɗaya ne." Na ce ni ma ban ce ki zaɓi wane ko wane ba, ki dangwala wa wanda ranki ya so, a dai ji nauyin akwatin. Wata tsohuwa ta ce, "Mai jego, ke da ya kamata ki sha kununki ki yi barci, kin zama 'yar kamfen." Aka yi dariya. Amma da yawa sun ce za su fito, ko don kunyar lallen da suka sha.

Ranar Asabar ɗana yana kwana goma sha ɗaya. Kun san dokar jego, ba fita sai an yi arba'in, ga wankan ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma. Inna ta ce ko bakin zaure ba zan taka ba, iska za ta shige ni, sanyi ya zauna mini a ƙashi har tsufa. Ni kaina ina tsoron hakan, don na yarda da shi. Na ce, "Inna, ni na tara matan nan. In ban je ba, da wane ido zan kalle su?"

Ma'aikatan zaɓen ba su iso ba sai gab da azahar, suna jiran jami'an tsaro masu rakiya. Inna ta riga ta ɗora ruwan wankan yamma a kan murhu. Da ta ga ba zan haƙura ba, sai ta naɗe ni da zane biyu, ta sa mini safa, ta toshe mini kunnuwa da auduga, a tsakiyar zafin nan. Ta ce, "Ki je ki dangwala ki dawo kafin ya farka. In ya yi kuka ba ki nan, ni da ke ne."

Makarantar ba nisa, amma a hankali na taka kamar mai ɗauke da ƙwai. Da na sha kwana na ga layin mata ya kai har gindin mangwaro, sai da idona ya cika. Maza 'yan kaɗan ne a layi. Sauran suna tsallaken hanya a inuwa suna kallo, mijina a cikinsu, yana zaune a kan babur ɗinsa.

Aka ce mai jego ta fara. Ma'aikaciyar wata baƙuwa ce, Hausarta kaɗan-kaɗan. Ta karɓi katina, ta ce in ɗora babban yatsa a kan na'ura. Na ɗora. Shiru. Ta goge gilashin da gefen rigarta, na sake ɗorawa. Shiru. Muka gwada yatsan hagu, muka gwada manuni. Sai ta juya hannuna ta kalla, ta kalli hannun Mama da ke bayana, ta miƙe ta leƙa layin gaba ɗaya. Ta dafe kai ta ce, "Lalle. Duka lalle. Na'ura ba ya gani."

Jama'a, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Ni na tara su, ni kuma na rufe musu yatsu da hannuna.

Mama ta ɗaga hannayenta sama ta ce, "Kin gani ko? Shekara ashirin ina zaune lafiya da yatsuna."

Ma'aikaciyar ta ce akwai dabara, na'urar tana duba fuska. Wasu ta karɓe su, Mama ma ta wuce ta nan. Amma da yawa ta ƙi, musamman tsofaffi. Ni kuwa hoton katina an ɗauke shi muna gudun hijira, duk na rame idanu sun faɗa. Yanzu ga kumatu na kunun kanwa da gasasshen nama, ga auduga a kunne. Na'urar ta dube ni ta ce ba ta san wannan matar ba. Ban ga laifinta ba, ni ma da ƙyar na gane kaina a hoton.

Ga shi sun ce da an yi la'asar za su naɗe kayansu, masu rakiya ba za su yarda rana ta faɗi suna hanyar dajin nan ba. Sai mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Na ji wata tana cewa, "Dama mun faɗa, abin nan ba don mu aka yi shi ba." Daga tsallake wani ya ɗaga murya, "Ku koma ku ɗora tukunya, ko injin ma ya san wahalar banza kuke." Maza suka kwashe da dariya. Ban waiwaya na ga ko mijina ya yi ba, ban so in sani.

Ni da ko a gidan biki ba na iya ɗaga murya, sai ga ni na je na tsaya a bakin ƙofar makarantar. Nono ya cika har ya jiƙa mini riga. Na ce, "Don Allah ku tsaya. Laifina ne, ni na sa aka yi muku lallen. Ku zage ni gobe, amma yau kada ku tafi. In akwatin nan ya koma ba nauyi, an gama rubuta mu kufai." Wasu suka tsaya, ina jin don tausayin yadda na koma ne. Amma ba ni da wata dabara, tsayuwar kawai na iya.

Ana haka sai ga Inna, ta rungumo jariri a cikin tawul yana tsala kuka, fuskar nan tata a ɗaure. Ta miƙo mini shi. Na zauna a dakalin aji na juya baya na ba shi nono, Mama kuma ta yi mata bayani. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Inna ta kama hannuna ta duba yatsan, ta murza shi da nata. Fatar ta bushe ƙamas, lallen ya yi mata kamar ɓawo. Sai ta ce da ƙarfi, irin ƙarfin nan da na sani, tana kallon bango, "Gaya wa mijinki ruwan wankanki ya tafasa. Ya juye shi a jarka ya kawo nan kafin ya huce. Ya haɗo da lemon tsamin da ke cikin kwando, da toka, da dutsen goge kaushina."

Ban ma buɗe baki ba. Daga tsallaken hanya na ji an tayar da babur. Duk taurin kan mijina, ba a haife shi ya ƙi aiken surukarsa a gaban mutane ba.

Sawu biyu ya yi. Aka samo manyan robobi daga gidajen kusa, aka juye ruwan jegona, ganyen darbejiya na yawo a kai. Mata suka durƙusa suka kewaye, kowa ta tsoma babban yatsa. Inna tana bi tana yanka lemo tana miƙawa, a diga, a shafa toka, a goga da dutse, a sake tsomawa. Mama ta zama mai tsara layi, duk wadda yatsanta ya yi laushi ta tura ta gaba. Tsohuwar nan da ta ce mini 'yar kamfen ta ce, "Na haifi tara ban taɓa jin an yi wankan jego na gayya ba sai yau." Har ma'aikaciyar sai da ta yi dariya da aka fassara mata.

Ban sani ba ko lallen ne ya ragu, ko fatar ce ta jiƙu zanen ya fito. Na dai san mace ta farko da ta koma, ta ɗora yatsa, na'urar ta yi ƙara ta karɓa. Wata ta rangaɗa guɗa, ma'aikaciyar ta ce a yi shiru, ita ma tana murmushi. Waɗanda suka tafi gida suka ji guɗar suka fara dawowa da ɗankwali a hannu.

Ni ce kusan ta ƙarshe, don sai da yaron ya ƙoshi. Na goge yatsan nan har ya fara zafi. Sau uku na ɗora, a na ukun ta karɓa. Na shiga bayan kwalin da aka kare, na dangwala, na ninke takardata na jefa. Na ɗan tsaya na kalli akwatin, irin mai haske ne ana ganin ciki. Takardu sun taru sun hau kan juna. Ladan yana kiran la'asar suka fara naɗe kaya.

Ba kowa ta samu ba. Akwai mata huɗu ko biyar da na'urar ta ƙi har ƙarshe, ɗaya daga cikinsu ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata da kyau. Kuma ranar ban yi wankan yamma ba, ruwan ya ƙare a kan yatsun mutane. Na kwana ina taɓa gwiwoyina ina jiran sanyin da Inna ta ce zai kama ni. Washegari ta rama, ta yi mini wanka da ruwan da sai da na kira sunan Allah.

Wanda na zaɓa bai ci ba, in kuna son sani. Na ji haushi kwana biyu. Amma ba a ɗauke akwatinmu ba. Bayan na yi arba'in muka koma ofishin nan ni da Mama, da goyona. Mutumin ya gane mu. Bai ce kufai ba, ya ce mu zauna a rubuta. An ɗauki watanni, mun yi sawu ya fi uku, kafin wata ranar kasuwa na ga an cire kwaɗon asibitin ana share gidan zanzaro. Sau biyu a mako ma'aikaciyar asibitin take zuwa, wani lokaci ba magani sai shawara. Ba zan rantse cewa ƙuri'armu kaɗai ta kawo ta ba. Amma cikina na uku a nan na yi awo, da ƙafa na je na dawo tuwona bai huce ba.

Har yanzu ina jin masu cewa gara soja, kuma ba na yi musu tsawa, don na san daga inda maganar take fitowa. Tsoron da ke cikinsu shi ne a cikina, har gobe ina leƙa katanga in babur ya wuce. Abin da na gane dai shi ne, mu na bakin daji ba mu da wani babba a sama da zai tuna da mu. Rana ɗaya ce ake zuwa har ƙofarmu a tambaye mu ko muna nan. In muka yi shiru ranar, wani zai amsa a madadinmu, kuma ba lallai ya faɗi gaskiya ba. Mai bulalar da ake kira kuwa, in ya zo, ko tambayar ba zai yi ba.

Mijina yakan yi zancensa jefi-jefi, sai dai ba in Inna ta zo ba. Bara ina wanki na tsinci katin zaɓe a aljihun rigarsa, sabo fil, da hotonsa ya ɗaure fuska. Na shanya rigar, na mayar da katin inda na gan shi. Bai ce ba, ban ce ba.

Tun daga ranar nan, duk lokacin da za a yi mini ƙunshi, ko da zaɓe ko babu, sai in ware babban yatsana na dama in ce a bar mini wannan. Da farko tsokanata ake yi. Yanzu in kika zo biki garinmu, ki dubi hannayen mata lokacin da ake miƙa kwanon abinci. Za ki ga da yawa tara ne ja, ɗaya fari. In baƙuwa ta tambaya, sai su nuno ni da baki su ce, "Tambayi waccan, ita ta ɓata mana ado."